Shingen Duna da Tsamiyar da Muka Rasa

Na san abin da kuke faɗi in kun taru ba na wurin. Kuna cewa tsohon nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa ƴaƴan mutane awo da lissafi a lakwal, makarantar boko, amma da aka zo awon filin gidansa sai ya ba da tsamiya da inuwarta saboda kare. Babbanku, wanda ba na kama sunansa, shi ya fi nanata maganar, har an gaya mini yana cewa ranar da na kwanta dama zai kai ƙara. To tun ban kwanta ba, bari in faɗa muku yadda aka yi. In za ku yi fushi, ku yi shi a kan abin da ya faru, ba a kan wanda aka dafa a bakin rijiya aka ƙara masa gishiri ba.

Duna ba karenmu ba ne tun farko. Na kawunku Mamman ne, wan uwarku, can ƙauyensu bayan Gabi. Shekarar da ɓarayin shanu suka matsa wa ƙauyukan bakin iyaka, aka kore garkensa duka, mutanen ƙauyen suka watse, shi kuma ya nufi Maradi ya kama ɗaki a gidan haya inda ba a yarda da kare ba. Ya sauka gidanmu a amalanken jaki, da tabarma da buta da wani baƙin kare mai farin ƙirji. Ya kwana, ya wuce, ya bar karen. Uwarku, wadda tun da na aure ta ban taɓa ganin ta bar kare ya shinshina ƙofar madafarta ba, ta ɗauko tsohuwar ƙwarya ta zuba masa tuwo da hannunta. Abin da ya rage mai numfashi daga gidan ubanta ke nan. Kuma ku ba ku sani ba, don duk kun watse neman abinci a lokacin, amma tun da labarin ƙauyen ya zo barci ya ƙaurace mata. Akuya ta yi atishawa sai ta tashi zaune. Ta rame, idanunta suka faɗa, likita ya ba ta ƙwayoyi ta ajiye su a bayan kwano. Da Duna ya zo sai ta ce in dai yana kwance shiru a ƙofar ɗaki, to babu kowa a waje, ta samu ta runtsa. Na karanta abubuwa da yawa a kan tsoro da maganinsa, ban ga wanda ya yi mata abin da karen nan ya yi ba, shi da bai san ko harafi ɗaya ba.

Kun san gidanmu ta gefen tabki ba shi da katanga a da. Ubana da uban Malam Shaibu mai kifi aminai ne, tare suka sari wurin, kuma da gangan suka ƙi sa iyaka a tsakaninsu. Tsamiya ce kawai a tsakiya. Kowane gida na cewa tsamiyarmu, ba wanda ya taɓa cewa tsamiyata. A inuwarta aka yanka ragunan sunanku, a inuwarta Shaibu ke zama yana ɗinkin tarunsa, a bayanta kuma yake shanya kifi yana yin banda. Ni da shi tare muka yi makarantar allo, shi ya bi ruwa, ni na bi alli, muka tsufa muna yi wa juna tsiya. To sai ga kare da ya tashi a daji inda ba a san ƙofa ba, an ajiye shi inda iska ke kawo masa ƙamshin bandar tarwaɗa safe da yamma. Ya ɗauka sau ɗaya, Shaibu ya yi dariya. Ya sake, Shaibu ya aiko a gaya mini. Na gaba kuwa ya kifar da ragar bandar gaba ɗaya cikin toka, ana gobe ɗan kasuwa zai zo ya kwashe ta zuwa Jibiya. Bayan la'asar Shaibu ya tsaya a ƙofar gidana, mutanen masallaci na bayansa, mai unguwa na cikinsu.

"Isuhu! Fito, kai da ka yi boko, zo ka lissafa mini wanga."

Na fito na ba shi haƙuri, na ce zan biya.

"Ba biya nake so ba. Ni kwanan ruwa na yi, ba kwanan kanti ba. Wallahi tallahi, in na ƙara ganin karen nan a ƙasata sai na kashe shi. Kowa ya shaida."

Kowa kuwa ya shaida. Kuma Shaibu ba mutum ne mai rantsuwa a kan farashin goro ba. A iya sanina da shi ban taɓa jin ya rantse ya fasa ba. Na koma ciki na tarar uwarku a tsaye bayan zaure, ta ji komai, sai ta je ta zauna kusa da karen kamar mai zaman makoki tun ba a yi mutuwar ba.

Muka ɗaure Duna a turken awaki. Karen da bai taɓa sanin igiya ba ya yi ta fizga har fatar wuyansa ta saɓule, ya daina ci, ya koma wani siririn kuka mai shiga cikin kai, wanda maƙwabta suka ce kiran mutuwa ne. Uwarku ma ta rage ci, tana cewa zafi ne. Na yi tunanin katanga, amma katanga sai an nuna inda za ta bi, kuma duk inda na nuna, ko dai na ci ƙasar Shaibu ko na ba shi tawa. Ga shi ƙasar gefen tabki ba ta riƙe ginin laka, damina ɗaya take kwantar da shi. Dangar kara kuwa Duna ta ƙasa yake bi mata. Wani ya ba ni shawarar in miƙa shi ga masu sayen karnuka da ke ƙetare iyaka da su, na dube shi har ya sauya magana. Kullum in zan tafi masallaci sai na duba ƙullin igiyar, in na dawo kuma kafin in yi sallama sai na kasa kunne in ji ko yana nan. A cikin wannan hali ɗan'uwanku Abdu ya kira daga Faransa, uwarku ta ba shi labari tana share ido da gefen mayafi, ya ce a ba ni salular.

"Baba, nan akwai shingen da ba a gani. Ana sa wa kare wani abu a wuya. In ya kusanci iyaka abin ya yi ƙara, in ya ƙi komawa ya ɗan ja shi da kuran, wutar lantarki."

"Shingen da ba a gani," na ce. "Mu ma muna da shi nan, Abdu. Kunya ake ce masa, kuma karnuka ba su da ita."

"Baba da gaske nake."

"Ni ma."

Amma da ya turo hotuna da bayanai na zauna na karanta su yadda nake karanta takardun jarrabawa a da, ina neman inda ɗalibi ya yi ƙarya. Iri uku ne. Na farko da tauraron sama yake aiki, babu waya babu tono, a salula ake zana iyakar. Na ajiye shi tun da wuri, don a nan ina zaune cikin zaurena salulata kan yi mini barka da zuwa Najeriya. Na'urar da ba ta san ƙasar da nake ciki ba, ba zan ba ta amanar sanin inda bandar Shaibu ta fara ba. Na biyu ɗan akwati ne da ake ajiyewa a ɗaki, ya kewaye kansa da da'ira, kare ya zauna ciki. Wannan ya burge ni, don ba ya taɓa ƙasar kowa. Na ɗauko turke da igiya na fita tsakar gida na zana da'irar a ƙasa kamar yadda nake yi a allon aji. Da'irar da ta haɗa da madafa da garken awaki sai ta faɗa cikin bandar Shaibu. Na rage igiyar har ta kauce masa, sai ta bar ɗakin uwarku a waje. Tana tsaye da muciya a hannu tana kallona.

"Malam, wato shi yana ciki, ni ina waje?"

"Lissafi ne ya ce haka."

"To a gaya wa lissafi don ni aka kawo karen."

Saura na uku, wanda ake binne siririyar waya a ƙasa, ta bi duk lanƙwasar da gida ya yi ta dawo wurin akwatin. Shi kaɗai ya dace da filinmu, kuma shi ne wanda nake tsoro, don waya dole a shimfiɗa ta a wani wuri, kuma a garinmu ba a tona ƙasa ba da ƴan kallo ba. Ga kuma maganar kuran, wanda ke zuwa mana kamar baƙon da bai faɗi ranar tafiyarsa ba. In ya ɗauke, shingen ya tafi tare da shi, kare kuma ba ya jiran a dawo da wuta. Sai na haɗa da fano mai ɗaukar hasken rana da batir daga Maradi. Abdu ya ba wani mai zuwa Yamai kayan, suka iso a motar haya cikin kwali, an buga hoton wani farin kare yana dariya a kan ciyawa kore shar, irin ciyawar da awakinmu ba su taɓa gani ko a mafarki ba.

Kafin a sa wa Duna komai na je wurin liman, don zuciyata ba ta kwanta da jan dabba da kuran ba. Ya ce karen gadin dabbobi ba laifi a ajiye shi, cutar da shi ce ba a so, sai in auna wanne ya fi cutarwa, wannan ko igiyar da ta cinye masa wuya. Uwarku kuma ta kawo nata hukuncin, wanda ya fi na liman gajarta.

"Sai ka fara sa wa naka jikin."

Na ɗaura abin a hannu, na kusanto da shi jikin wayar. Ya yi ƴar ƙara kamar tsuntsu, sannan ya ja ni. Ba zafi ba ne sosai, ya fi kama da wulaƙanci, kamar a ce wani yaro ya tsunkule ka a cikin sahu. Na ce mata ba komai. Ta ce to mi ya sa na ambaci sunan Allah da ƙarfi haka. Muka sa shi a mafi ƙanƙantar ƙarfinsa.

Ranar tono na kira mai gyaran kuran ya haɗa akwatin, ni kuma na ɗauki fartanya da kaina. Hantsi bai yi ba mutane sun taru. Mai unguwa ya zo da sandarsa ya tsaya, Shaibu kuwa yana zaune a gindin tsamiya da tarunsa a cinya, kamar ba shi da labarin komai.

"Mushe, mi ake binnewa?" in ji mai unguwa, don Mushe ake kiran malamin lakwal a nan.

"Waya ce, ranka ya daɗe. Ta kare."

"To. Ta ina za ta bi?"

Niyyata in bi da ita daidai gindin tsamiyar, rabi namu rabi nasu, yadda iyayenmu za su so. Amma da na ɗaga fartanya sai na dakata. Na juya wurin Shaibu.

"Shaibu, ranar da ka ce ƙasarka, har ina kake nufi?"

Bai ɗago ba. "Inda nake zaune."

A lokacin ta gefenmu yake zaune, don can inuwa take.

"In inuwa ta juya fa?"

"Inda zan zauna."

Nan na gane rantsuwar Shaibu tana tafiya da inuwa. In na bar wa Duna ko taki ɗaya na inuwar nan, wata rana zai kwanta a wurin da ni nake ce wa namu, Shaibu yana ce wa nasa, kuma kafin a kira dattawa su raba mu kare ya riga ya mutu. Na ja da baya. Na yi ta ja har inda na san inuwar tsamiya ba ta kaiwa ko rani ko damina, na sa fartanya a nan. Mai unguwa ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Mushe, da hannunka fa kake ja, a gaban mutane."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Na waiwaya. Uwarku na bakin ƙofa riƙe da igiyar Duna. Ban tambaye ta ba, ba ta hana ni ba. Kuna cewa ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Mutumin da ya ja layi a ƙasa da hannunsa, mai unguwa na kallo, ya riga ya faɗi inda gidansa ya ƙare, ko da a ransa da kare yake magana.

A cikin kwalin akwai ƙananan tutoci farare da ake kakkafawa a kan layin don kare ya gane wurin. Na kafa su ban yi tunanin komai ba. Kafin azahar labari ya kai bakin tabki cewa Mushe Isuhu ya yi wa gidansa kafi, ya binne asiri ya kewaye shi da fararen ƙyallaye. Ni da na yi shekaru ina rantse wa yara cewa ƙasa ce ke kewaya rana, aka wayi gari ni ne babban boka na unguwa. Da Duna ya koyi abin kuwa sai magana ta tabbata. Uwarku ce ta koya masa, tana zagayawa da shi, in abin wuyan ya yi ƙara ta ja shi baya ta ba shi ɗan ƙanzo. Cikin ƴan makonni aka cire tutocin, aka kwance igiya, wuyansa ya warke. Mutane suka riƙa zuwa kallo, a jefa ƙashi can waje, kare ya taho da gudu ya ci birki a kan fili fetal inda babu ko tsinke. Na yi bayanin kuran har muryata ta dishe, ana gyaɗa kai ana cewa Allah ya ƙara sani. Wata mata ta sami uwarku a asirce ta tambaye ta ko malamin da ya yi mana yana da na miji.

Uwarku ta koma barci. Ni ne na karɓi rashin kwanciyar hankalin, kamar yadda ake karɓar kaya daga kan wanda ya gaji. Akwai ƴar fitila kore a jikin akwatin, in tana ci shinge na nan. Na duba ta da asuba, na duba ta in zan fita, in hadari ya rufe rana in yi ta leƙa batir kamar mai jinya. In aka yi ruwa in bi layin ina duba ko ƙasa ta zaizaye, in na ga kaza na tono a wurin in kore ta da zagin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Amma babban abin da ke cina wani ne, kuma ni na gano shi da kaina ina zaune. Wayar nan ba ta san shiga da fita ba. Duk wanda ya kusance ta da abin wuya ja take, ko daga ciki ya zo ko daga waje. In wata rana wani abu ya sa Duna ya keta da gudu, to abin da aka sa don ya tsare shi a gida shi zai hana shi dawowa, kuma wajen da zai tsaya ƙasar Shaibu ce, wadda ni da kaina na faɗaɗa masa. Na gaya wa Abdu, ya ce ba kasafai hakan ke faruwa ba. Na ce masa ba kasafai ake mutuwa ba ma, sau ɗaya ne.

Ana saura kwanaki kaɗan sallar layya abin ya faru. Ragon da muka saya ya tsinke igiya ya nufi tabki. Duna karen garke ne, an haife shi don ya juyo da dabbar da ta ɓalle, kuma babu kuran da zai kankare masa wannan. Uwarku ta ce ta ji ihunsa sau ɗaya lokacin da ya keta, ta fito ta ga ƙurarsu kawai. Mu muna masallaci. Muka fito daga azahar tare da Shaibu da wasu, muna tafe ana gardamar tsadar raguna, muka karyo kwana ta gefen tsamiya. Ga rago a cikin gidana yana cin harawa hankali kwance. Ga Duna a waje, a tsakiyar inuwar, dab da tabarmar da aka shanya kifi. Ya matso wajen gida, abin wuyan ya yi ƙara, ya ja da baya yana rawar jiki, ya sake matsowa, ya sake ja. Shaibu ya tsaya ya dube shi, sannan ya wuce bukkarsa ba sauri ba nawa, ya fito da mashin da yake soke manyan kifaye da shi. Wani daga bayanmu, wanda ba zan rubuta sunansa ba don jikokinsa na gaishe ni, ya ce:

"Malam Shaibu, rantsuwa ce fa."

Sai ga uwarku ta fito, mayafin a karkace, hannunta duk gari, ta tako ta ƙetare layin ta zo ta tsuguna kusa da karen.

"Malam Shaibu, duba kifinka tukuna."

Ya duba. Yana nan a jere yadda ya bar shi, ko ɗaya bai goce ba.

"To mi ya zaunar da shi nan?" in ji shi. "Ga gidanku can, ya shiga mana."

Na ce masa ba ya iyawa, abin da ke hana shi fita shi ke hana shi shiga.

"Wato gidan nasa ne ke cizonsa?"

"Gidan ne."

Uwarku ba ta dubi kowa ba, ƙasa take kallo, kuma ban tabbata da mu take ba da ta ce:

"Haka Yaya Mamman yake. In ya je Gabi cin kasuwa sai ya hau tudu ya hango itatuwan garinmu, ya juyo."

Abin wuyan ya ƙara yin ƴar ƙararsa. Na ga hannun Shaibu ya ƙanƙame mashin har jijiyoyi suka fito, na rufe ido, don ban iya kallo ba. Da na buɗe, mashin na tsaye a kafe cikin ƙasa, Shaibu na goge tafin hannu a riga.

"Isuhu, cire masa shegen abin nan kafin in tuna ni mai rantsuwa ne."

Uwarku ce ta kwance maɓallin. Amma ko da aka cire, Duna ya ƙi taka layin. Ta kira shi, ta ja shi, ya kwanta ya manne da ƙasa. Sai na sunkuya, da rigar sallata da hulata da ciwon bayana, na rungumi kare kamar jariri na ƙetare da shi fili inda babu komai, jama'ar masallaci na kallo. An daɗe ana ba da wannan labarin, kuma na san shi ma ya iso kunnenku. Gaskiya ne. Na wanke rigar.

Washegari Shaibu ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya ciyar da miskinai goma, kuma da bandar tarwaɗar da ya rantse a kanta ya ciyar da su. Da yamma ya zo da kansa da kan kifi a ƙwarya, ya tsaya daidai kan layin kamar yana ganinsa, ya miƙo mini.

"A ba ɓarawon. Shi ne na sha ɗaya."

Muka mayar wa Duna abin wuyansa, muka sauya wa raguna turke zuwa can cikin gida. Na nuna wa Shaibu inda ake kashe akwatin, ko da za a sake ba na nan. Ya duba ƴar fitilar, ya ce kafin da ke da wurin kashewa bai cika kafi ba. Ban daina duba ta ba duk da haka, har shekarun da suka biyo, amma ba a sake ba.

Sauran kun sani. Shaibu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ƴaƴansa suka samu hali suka tashi ginin siminti, suka tambayi mai unguwa ina iyaka take. Ya faɗi abin da ya gani da idonsa, kuma bai yi ƙarya ba. Katangar ta bi ta kan wayar, tsamiya ta faɗa cikin gidansu. Ranar da aka fara ginin na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba, a gindinta ubana ya koya mini alwala. Duna ya tsufa a gidan nan har gashin bakinsa ya yi fari, ya mutu a ƙofar ɗakin uwarku, inda ya saba kwanciya. Ita kuma duk shekarun da ya yi a raye ta yi barcinta, har da minshari, wanda ta musanta har ta koma ga Allah. Ku kun ga ƙasar da aka rasa don ana iya auna ta da igiya. Ni na ga fuskarta da safe kafin karen ya zo, na kuma ga bayan ya zo.

Wayar tana nan a ƙasa ta sauran gefunan, ban tone ta ba. In wata rana kuna gini kuka ci karo da ita, kada ku kira malami ya karya, ba asiri ba ne. Kada kuma ku kai ƴaƴan Shaibu gaban alƙali, ubansu ya kafe mashi a ƙasa ranar da yake da ikon ɗaga shi. Ku mayar da ƙasa ku rufe. Ni na ja layin nan ido biyu, uwarku na tsaye riƙe da igiya, kuma in aka sake miƙo mini fartanyar, a nan zan sa ta.